Tuta ko darapo: wa aka miƙa wa?

Wanda ya bi kwaltar da ta taso daga Ƙonni ta nufi Damagaram, ya ratsa Gidan Rumji da Tsibiri, ya bar Maraɗi a baya ya faɗa Cadawa, Agye da Gazawa, ba ya jimawa bai ga dogon ƙarfe tsaye da ƙyalle a kansa ba. Akwai shi a ƙofar ferfe, akwai a ma'aikatar magajin gari, a gidan jandarmomi, a likita, da farfajiyar kusan kowace lakwal. Tsayar da ɗan makaranta ka tambaye shi mene ne wancan, zai ce maka darapo. Kakansa da ke zaune gindin gawo zai ce tuta. Mai karanta labarai a rediyo ya ce tutar ƙasa. Soja da mushe malamin lakwal kuwa, in suna Faransanci, ba su ma ambaton ƙyallen. Launuka suke cewa, hawan launuka da safe, saukar launuka da maraice. Abu ɗaya ne, amma kowane suna da irin ladabin da yake jawowa, kuma ina ganin a nan ne za a gano dalilin da ya sa wata tutar take tsaf, wata kuma ta koma zare-zare a kan sanda ba wanda ya ɗaga kai.

Tuta tsohuwar kalma ce a bakin Bahaushe, har ta yi rassa a salon magana. Ɗalibin da ya zo na ɗaya, ko ɗan kokowar da ya kayar da kowa, an ce ya ciri tuta. Ɗan takara yana tsayawa a ƙarƙashin tutar jam'iyya. Wanda ya gaji da faɗa ya ɗaga farar tuta. A duk waɗannan maganganu akwai mutum a jikin tutar: wani ne ya cire ta, wani ne ya tsaya ƙarƙashinta, wani ne ya ɗaga. Hausa ba ta san tutar da ke tsaye ita kaɗai ba mai ita ba.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne zamanin jihadin da ya soma a 1804. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai aika wa kowa rawani ko sandar mulki ba, tuta ya riƙa bayarwa, har aka san manyan almajiransa da sunan masu tuta: Modibbo Adama, Yakubun Bauchi, Buba Yero na Gwambe, Malam Musa na Zazzau, da sauransu. Ƙasar Katsina mutum uku aka ba, Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa da Na Alhaji. Karɓar tuta a lokacin izini ne, kuma bashi ne. Ka je da ƙafarka, an miƙa maka hannu da hannu, an san sunanka, in ta faɗi kai za a tambaya. Malamai kuma suna da abin da suka jingina wannan da shi. Duk wanda ya zauna karatun sira ya ji labarin yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan hijira, inda tuta ta fita daga hannun Zaidu ɗan Harisa zuwa Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, wanda aka sare wa hannu biyu bai sake ta ba, daga shi sai Abdullahi ɗan Rawaha, sannan Khalidu ɗan Walidu ya ɗauka. Larabci yana da liwa'i, yana da raya, yana da alam. Hausa ta tattara su duka ta ce tuta. Ko a 1903, da Turawan Ingila suka zo wa Sakkwato ranar 15 ga Maris, gindin tuta ne mutane suka tsaya har aka kashe su, haka kuma aka sake yi a Burmi ranar 27 ga Yuli tare da Sarkin Musulmi Attahiru.

To, ga abin da ya sa zancen ya yi daɗi a wannan yanki musamman. Ƙasar Maraɗi da Tsibiri ƙasa ce ta waɗanda suka ƙi waccan tutar. Da Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, ya sha yawo, kafin Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har yau sarkin nan Sarkin Katsina ake ce masa. Gobirawa kuma birninsu Alkalawa ya faɗi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama, Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri, wadda yanzu take cikin gundumar Gidan Rumji. Waɗannan gidaje biyu sun shafe wancan ƙarnin suna kai wa ƙasashen masu tuta hari, ana kawo musu. Sarautarsu ba daga tutar wani ta fito ba. Gado ne, da yardar masu zaɓen sarki, su Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka a Maraɗi, da kuma tambari, gangar da ba a buga wa kowa sai sarki. Abin da ake ɓoyewa a ɗaki, a shafa masa mai, a ba wani gida na musamman riƙonsa, tambari ne. Ba mamaki da aka zo neman sunan da za a ba alamar hukuma ta zamani, wadda ake bugawa a kan takarda, bakin mutane ya sauka kan tambarin ƙasa. Na Nijar yana ɗauke da rana, da mashi da takubba biyu, da zangarniyar hatsi uku, da kan sa, ga tutoci huɗu sun rungume shi.

Darapo kuwa tare da bindiga ya shigo. Kalmar Faransanci ce, drapeau, harshe ya sassaƙe ta. Mutanen ƙasar Tasawa sun yi masa ganin kusa a 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta ratso tana ƙone garuruwa, har ta kai ga su kansu Turawan aka harbe su a Dankori da Maijirgi cikin watan Yuli. Bayan yarjejeniyoyin 1904 da 1906 sun bar Maraɗi da Tsibiri a ɓangaren Faransa, darapo ya zama abin ƙofar kumandan: inda ake kai haraji, inda ake rubuta sunan masu aikin tilas, inda gardi yake tsaye da bulala. Ba a miƙa wa kowa shi. Na bariki ne. Mutum yana wucewa gabansa da sauri, kansa a ƙasa, ba don ƙauna ba.

Ranar 23 ga Nuwamba 1959 majalisa a Yamai ta amince da sabuwar tuta, kusan shekara guda bayan kafa jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, kuma da ita aka karɓi 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Diori Hamani yana shugaba. Ƙyalle ya sake, sandar ba ta sake ba, kuma sunan da lakwal ta saba da shi bai sake ba. Yaro ya ci gaba da cewa darapo. Ni a ganina wannan sunan ya taho da guntun halinsa na da: abin gwamnati, abin da in ya yage sai a jira Yamai ta aiko wani.

Sai launukan, waɗanda su ma ba su bar mu mun huta ba. Tsarin mulkin 2010 ya bayyana tutar a taƙaice: ɓangare uku a kwance, faɗinsu ɗaya, na sama orange, na tsakiya fari, na ƙasa vert, da da'ira mai launin na sama a tsakiyar farin. Fassarar da ake koya wa yara, cewa na sama hamada ce, na ƙasa albarkar kudu, fari tsarkin zuciya, da'irar kuma rana, wannan a aji ake jin ta, ba a cikin dokar ba. Fari ba gardama, sai dai Bagobiri ya ce hwari. Na ƙasa, mutumin Maraɗi tsanwa yake cewa, na Kano kore, tsofaffin 'yan kasuwar tufafi algashi, kuma duk an fahimci juna. Na saman ne rigima. Hausa tana da ja da fari da baƙi a matsayin iyayen launi, sauran kuwa aro ake yi daga abin da ido ya sani: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa. Wasu suka ce ruwan lemo, alhali lemon da ake sayarwa a tashar Cadawa ɓawonsa tsanwa-tsanwa ne, ba ya kama da tutar ko kaɗan. Wasu suka ce ruwan goro, wato launin da goro ke bari a baki in an tauna, kuma wannan ya fi kusa, ko da yake ya ɗan fi duhu. Mafi yawan mutane ba su wahalar da kansu, ja kawai suke cewa. Nan ne ɓarna take shigowa. A aiki yaro kasuwa a ce ya sayo jan yadi da fari da tsanwa, ya dawo da ja wur, a ɗinka, to an yi tutar Hangari an manna mata rana. Kuma tunda Indiya ma jerin launukanta kusan irin namu ne, sai dai ita shuɗiyar ƙafar keke ce a tsakiya, Kodebuwa kuma launukan ne a tsaye, kuskure kaɗan ya isa ya kai ka wata ƙasa. Kifa ta kuwa, tsanwa a sama, ya fi kowane kuskure yawa, musamman a ƙananan tutocin takarda da ake raba wa yara ranar tarbar baƙi.

Je ka zauna wurin tela ka ga yadda ake yin ta. Ya yanka yadi uku daidai wa daida, ya haɗa. Da'irar ce aiki: ya ɗauko murfin kwano ko faranti ya kifa a kan sauran yadin, ya zagaye da alli, ya bi da almakashi. Tela na ƙwarai biyu yake yankawa, ya ɗinka gaba da baya, don tuta fuska biyu gare ta. Mai gaggawa ɗaya yake mannawa, sai in iska ta juya a ga fari fat ba rana. Wani kuma farantinsa ya yi girma, ranar ta hau kan tsanwa. Littattafan ƙasashen waje sukan zana tutar Nijar kusan murabba'i, 6 bisa 7, amma tela gwargwadon yadin da aka kawo masa yake yi. Abin da ya fi muhimmanci, kuma aka fi mantawa, shi ne kalmasa. Bakin da ke nesa da sanda shi iska ke bugawa dare da rana, daga nan yagewa take farawa. In an ninka shi biyu an bi da ɗinki biyu, tuta takan ga damina ta wuce. In ba a yi ba, iskar hadarin farko ta isa.

Yanayin ƙasar nan ba ya raga wa ƙyalle. Ƙurar hunturu ta mai da farin ruwan ƙasa, ranar bazara ta sha ruwan goron har ya koma fari-fari, sannan iskar farkon damina ta ƙarasa. Shi ya sa ƙa'idar saukewa da maraice ba ado ba ce, rabin rayuwar tutar ce. Amma dubi yadda abin yake kasancewa a makarantar ƙauye, irin mai azuzuwan zana da kara. Da safe yara sun yi layi aji-aji, sun kewaye sandar da aka zagaye gindinta da duwatsu masu farar ƙasa. An fito da biyu, ɗaya ya rungume tutar a ninke don kada ta taɓa ƙasa, ɗaya ya kama igiya yana ja a hankali, yana auna yadda za ta kai ƙololuwa daidai da ƙarewar take. Gwanin sha'awa. Sai wata rana igiyar ta tsinke, ko ta maƙale a zoben da ke can sama. Sanda doguwa, ba tsani, ba wanda zai sa ɗan mutane ya hau ƙarfe. Daga ranar tuta ta kwana a sama, ta yi mako, ta yi hutun ƙarshen shekara. Yawancin tutocin da ake gani sun zama tsumma ba raini ne ya kai su haka ba, igiya ce.

Take ma kalma ce da ta cancanci a tsaya a kanta. A asali take na mutum ne, kiɗan da makaɗi ke yi wa wani shi kaɗai, wanda in ya ji tsikar jikinsa ta tashi, ko manomi ne a gayya ko ɗan dambe a fage. Da aka ce taken ƙasa, an ɗauki ƙasa an mai da ita mutum mai kirari, kuma wannan fassara ta yi kyau ƙwarai. Na Nijar na farko, La Nigérienne na 1961, wani Bafaranshe ne, Maurice Albert Thiriet, ya rubuta baitocinsa. A watan Yunin 2023 majalisar dokoki ta maye gurbinsa da L'Honneur de la Patrie.

To me ake so mutum ya yi in ana wannan take, tuta tana hawa? A nan al'adu biyu suka yi karo, kuma kalmomin sun tona asirin. Abin da soja ke yi, Hausa ta kira shi ƙamewa, kalmar da ake faɗa wa abin da ya bushe ya sandare. Ɗaga hannu zuwa goshi kuma aka ce sarawa. Ladabin bariki ke nan: ka miƙe, ka ɗaga kai, ka zuba ido, in farar hula ne kai ka cire hular. Ladabin gida kuwa akasin haka ne tun daga tushe. Yaro mai tarbiyya ba ya tsayawa ƙiƙam a kan babba, durƙusawa yake. A fadar Tsibiri takalmi ake cirewa, a faɗi a yi gaisuwa, ido a ƙasa. Hula kuwa mutunci ce. Tuɓe wa mutum rawani ai tsige shi ne. Don haka in ka ji dattijo ya ce, "Mushe, ni da ko gaban sarki ban cire hula ba, sai gaban ƙyalle?" ba taurin kai ba ne, nahawun girmamawarsa ne daban. Mushe mai hankali yakan ce, "Baba, bar hularka, tsayawa kawai za ka yi har yara su gama." Kuma yakan tsaya. Mai amalanke ma yakan ja akalar shanunsa, ɗan kabu-kabu ya taka birki. Gaisuwa ɗaya ce ta gargajiya da ake yi a miƙe, ita ce jinjina, yadda mahayi ke dunƙule hannu ya ɗaga wa sarki ranar hawan salla, kuma da ita aka ara tun farko da ba a sha wannan gardama ba.

Akwai kuma masu cewa tsayuwar kanta ba ta halatta, don tana kama da bauta. A yankin da wa'azi yake da ƙarfi kamar Maraɗi, ba magana ce da za a share ba. Amsar da wasu malaman ke bayarwa tana cikin kalmomin ne su ma: girmamawa daban, bauta daban. Ana girmama uwa, ana girmama baƙo, ba a bauta musu, kuma sahabban da suka riƙe tuta a Mu'uta ba ƙyallen suke bauta wa ba. Ni wannan amsar ta gamsar da ni. Na dai lura mai gardamar ya fi yin ta in an ce darapo. In aka ce tuta, sai muryarsa ta sauko.

Kalmar da har yanzu ba ta zauna ba ita ce ta makoki. Faransanci ya ce en berne, a taƙaice. Gidajen rediyon Hausa kuwa kowa da tasa: a sassauta tuta, a sauko da ita ƙasa-ƙasa, a sauke ta zuwa rabin sanda. An ji su duka bayan harin Inates na 10 ga Disamba 2019, inda sojoji 71 suka rasu aka yi zaman makoki na kwana uku. Sassautawa ta fi daɗin ji, amma tana ruɗarwa, don wani sai ya saki igiya kawai tutar ta yi laƙwas kamar an manta da ita. Ƙa'idar ita ce a kai ta ƙololuwa tukuna, sannan a sauko da ita, a ɗaure tamau. Da maraice ma a mayar da ita sama kafin a sauke. Saudiyya kuwa ba ta sauke tuta zuwa rabin sanda ko sarki ne ya rasu, saboda kalmar shahada da ke jikin tutarta.

Wadda babu ita sam ita ce kalmar tsohuwar tuta. In ta ƙare, me take zama? A Najeriya dokar tuta ta 1960 ta mai da kafa yagaggiya ko lalatacciya laifi. A Amurka ƙa'idarsu ta ce a ƙone ta cikin mutunci. Mu nan ƙona tuta aikin masu zanga-zanga ne, daraktan da ya kunna mata ashana a bayan aji sai ya kwana yana bayani a gidan jandarmomi. Jefa ta a juji ba ya yiwuwa, goge allo da ita ya fi muni. Sai a cusa a ƙasan kabad, gara ta yi hukunci. Alhali mutanen nan sun san yadda ake sallamar abu mai daraja in ya tsufa: takardun karatu da suka ruɓe ba a zubar da su, ana haƙa rami a wuri mai tsabta a binne. Tuta ba ta kai su tsarki ba, amma hanyar a shirye take, ba sai an aro daga ko'ina ba.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 tuta ta fito daga bariki ta shiga kasuwa fiye da yadda aka saba gani, ko a bikin Maraɗi Kwalliya na 2015. Tana kan babur, tana wuyan matasa, tana gaban motar haya, teloli sun yi ciniki. Wannan ta fi kusa da tuta a ma'anarta ta asali, don wani ne ya saya da kuɗinsa, ya riƙe da hannunsa, kuma ba ya yarda ta yi datti. Ta kan dogon ƙarfe ce har yanzu take zaman marainiya. Da kowace lakwal za ta naɗa mai tuta, ɗalibi guda da aka kira sunansa gaban kowa aka miƙa masa, shi ke hawarwa, shi ke saukewa, shi ke zuwa ya ce mushe igiya ta fara cinyewa, da an rage tsummokaran da ke kan hanyar Gazawa. Tun da a 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ba abin kunya ba ne a rubuta sunan muƙamin haka a jikin allo. Aikin ma ƙaruwa ya yi, don a farkon shekarar 2025 ƙawancen AES na Nijar da Mali da Burkina Faso ya fito da tasa tutar, tsanwa mai itacen kuka a tsakiya, wadda ake kafawa kusa da ta ƙasa a ma'aikatu. Sanda ta zama biyu, igiya ma biyu.